Kwalin da Ya Tokare Wufa

Tun ranar da Ikechukwu mai haɗa sauti a Sabon Gari ya saka wa Halilu wufa, wato ƙaton akwatin sifikar nan mai gurnani, but ɗin motarsa, wato ma'ajiyar kayan baya, bai sake zama lafiya ba. Ya taka birki, ƙum. Ya sha kwanar Bata, ƙum. Ikechukwu ya ce a huda ƙasan but a ɗaure ta da noti, Halilu ya ce ba mai huda masa mota. Ya gwada tsohuwar taya, ya gwada bulo naɗe da tsumma, duk wufa ta ture su.

Ana nan sai mahaifinsa, Malam Habibullah na Fagge, ya rasu. Bayan sadakar arba'in yayarsa Mero ta miƙo masa kwali guda. Takardun Malam ne na ajami, wa'azi da wasiƙun da ya yi shekara hamsin yana rubutawa da tawadar gida, warwara ba ɗinki, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

"Kai ne mai mota," in ji ta. "Kai wa Baffa can bayan tashar jirgi, zai sa a kwafe."

Halilu ya cusa kwalin tsakanin wufa da bangon but. Ya shige cif, kamar an auna. Har ya gama Titin Ibrahim Taiwo bai ji ƙum ko ɗaya ba. Ranar bai sami Baffa a gida ba, washegari kuma bai koma ba. Halilu ba mugu ba ne, yana son mahaifinsa, ya yi kukan rashinsa sosai. Malalaci ne kawai, kuma shirun nan ya yi masa daɗi. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wata biyu. Duk sanda Mero ta tambaya sai ya ce ai Baffa ne ba ya zama.

Damina kuwa ta sauka, ga robar murfin but ta daɗe da mutuwa.

Da Mero ta gaji, ta yafa mayafi ta shiga gaban mota. "Yau tare za mu."

A ƙofar gidan Baffa, Halilu ya ɗaga murfin, warin danshi ya buge su. Kwalin ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Tawadar gida dama an yi ta ne don a wanke ta daga allo, ba ta gardama da ruwa. Baffa ya tsuguna yana ɓanɓaro takardun ɗaya bayan ɗaya. Kowacce toka-toka, ba harafi ko guda. Bai yi faɗa ba, salati kawai yake.

Kunya da baƙin ciki suka rufe Halilu, ya rasa inda zai sa idonsa. Mero ta karɓi takarda ɗaya ta daɗe tana dubanta.

"Halilu, ni fa ban iya karatun ajami ba," ta ce a hankali. "Jira nake a kwafe, a karanta min in ji abin da Baba ya ce."