Cigiyar Jirgi a Tashar Mota

Fadima ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi a damina ba, amma ɗanta Mubarak, wanda shi kaɗai Allah ya bar mata, a teku yake aiki, cikin wani jirgin dakon kaya. Duk tashar da suka sauka yakan kira ta. Tun kafin a yanke dawa kiran ya ɗauke, ga shi har an kai dawar rumbu. Gidan ya yi mata faɗi. Tuwo ma ta daina tuƙawa, don tuwon mutum ɗaya ba ya ciyuwa.

Marigayi mijinta direban babbar mota ne, kuma abin da ta sani ke nan: in matafiyi ya yi shiru, tasha ake zuwa cigiya. Wanda ya fito Bena ya tambayi na Sakaba, kafin la'asar labari ya iso. Sai ta yafa mayafi ta nufi tashar Zuru.

"Ko akwai wanda yag ga jirgin ɗiyana bisa hanya?" ta tambayi 'yan kamasho.

Suka yi dariya har da riƙe ciki. Mai nema ba ya fushi, ta tsaya. Wani dattijo mai sayar da man juye, Mika, tsohon sojan ruwa, shi ne bai yi dariyar ba. Ya ba ta benci.

"Inna, ba ki yi kuskure ba," in ji shi. "Teku ma haka take. Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya, kowane babban jirgi sai ya riƙa faɗin sunansa da inda yake. Wanda ya ji kukan wani kuma dole ya juya ya kai ɗauki, ko ba yarensu ɗaya ba. Mene ne sunan jirgin?"

Sunan ya ƙi zama a bakinta, sai ta nuna masa hoton Mubarak a wayarta, yana tsaye gaban jirgin, sunan a rubuce bisa kansa. Mika ya shiga wani shafi mai taswira a tasa wayar. Ruwa shuɗi, jirage birjik kamar an watsa gero. Fadima tana ta salati.

"Ga shi nan. Lafiya lau yake. Yana Tema, ƙasar Gana, a ɗaure bakin tasha. Ya ma kwana biyu a wurin."

"Alhamdulillahi," ta ce, hawaye na zuba. Ta shafa ɗigon jirgin a kan taswirar da yatsa. Can ta ɗago kai.

"Malam Mika, can wurin da sunka tsaya, waya tana shiga?"

Mika ya dubi jarkokinsa. Shi ma ya yi shekaru a ruwa, shi ma ya bar uwa a Manga.

"Tana shiga, Inna."

Tsoron da ta zo da shi ya tafi, amma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nauyi. Duniya duk ta san inda jirgin yake, domin shi jirgin yana magana.

Ta yi godiya ta koma gida. Ta sa wayar a caji, ta ƙure ƙararta, ta jawo tabarma ta zauna kusa da ita.