Murafan Amyar Don Nicanor

Dattijon nan Don Nicanor Dzib maƙwabcina ne, kuma shi kaɗai ya rage a ƙauyenmu na mutanen Maya mai kiwon ƙananan ƙudajen zuman nan marasa harbi. A cikin gungumen itace mai rami suke zama, a toshe bakin da zagayayyen dutse kamar faifai, a liƙe da laka. Amyoyin gadon kakansa ne. Duwatsun kuwa kakan ya tsinto su a kufan mutanen da, bayan gonakinmu, inda dogon ginin dutsen nan yake.

Da hukuma ta kewaye kufan da waya, aka ɗauki Wilberth, ɗan ƙanwar Nicanor, aikin gadi. Bakinsa ba ya riƙe magana. Shi ya yi wa masu tonon kayan tarihi alfahari cewa irin duwatsun da suke kakkaɓewa da buroshi, kawunsa na da su jibge a bayan ɗaki.

Suka zo suka duba, suka ce dukiyar ƙasa ce, ta haura shekara dubu, dole a adana. Nicanor ya ce ai adanawar yake yi, shi ya sa suka same su. Suka yi dariya, suka sha kunun masararsa, suka tafi.

Sai da ya tafi gonarsa ta nesa girbi suka dawo da mota. Wilberth ne ya ɓamɓare duwatsun da hannunsa, ya cusa tsumma a madadinsu. Na leƙa ta kan katanga na ce, "Kai mai hular gwamnati, tsumma na tare kwarkwasa?" Ya ce doka ce, in yi haƙuri.

Kwarkwasa ba ta san doka ba. Kafin Nicanor ya dawo ta cinye 'ya'yan ƙudajen zuman, ta bar masa itace fayau. Bai zagi kowa ba. Ya bi amyoyin yana kara kunne, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an gama girbi Wilberth ya matsa, ya kai mu gidan tarihi na birni, wai kawu ya ga darajar da aka yi wa kayansa. Ga duwatsun cikin gilashi, an wanke lakar tas, da rubutu a ƙasa. Ni da Nicanor ba ma karatu.

"Me suka ce?" in ji Nicanor.

"Sun ce a da, Kawu, mutanen Maya suna kiwon zuma."

Nicanor ya daɗe yana kallo.

"A da," ya ce. "Ba su yi ƙarya ba."