Ramin Ƙafar Tarumba

A wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Managil, can ƙasar Larabawa inda mahajjatan ƙafa suka yada zango, kowa a ganinsa kan hanyar Makka yake, ko da kuwa nan aka yanke masa cibiya. Malam Ladan, shehun garin, ya fi kowa riƙe wannan magana. Shekara da shekaru yana noman auduga a nan yankin Jazira, amma ka ce masa ɗan gari, ranar sai an ba shi haƙuri.

Matarsa Sharifa kuwa, Allah ya sani, ta gaji. Gwiwoyinta sun ƙi, 'ya'yanta mata duk nan suke aure, biyu kuma suna kwance a maƙabartar bayan gari. Ba abin da take tsoro kamar ranar da Malam zai ce a ɗaure kaya.

Sai hukuma ta kawo musu tarumba, famfon nan mai dogayen ƙafafun ƙarfe da iska ke juyawa ya jawo ruwa daga rijiya. Usta, wato gwanin da ya zo kafa ta, wani Balarabe, ya ce kowace ƙafa tana son rami tsayin mutum biyu, a cika da dutse da siminti, don baƙar ƙasar nan ba ta da amana, da rani ta tsage, da damina ta kumbura. Malam ya ce sam, matafiyi ba ya kafa abu irin na mazauni, iyakar ƙugu za a haƙa. Mutanen gari ne masu haƙa, kuma ba mai ɗaga magirbi sai da yawun Malam. Usta ya yi magana har ya gaji, ya kafa ta haka nan.

Rani guda aka sha ruwa garau, yara suka daina fitsarin jinin da ruwan kwatar ban-ruwan gonaki ke sa musu. Da damina ta kankama, aka yi wani ruwa da iska, ƙafa ɗaya ta nutse, tarumba ta karkace ta tsaya cik. Dattawa suka ce ishara ce, Allah ne ke tuna musu hanya. Bilkisu, 'yar Sharifa, ita ta kawo wa uwarta labarin.

Usta ya zo ya ɗaure tarumbar da igiyoyi, ya ce ko a haƙa yadda ya faɗa, ko ya kwance ta ya kai wani ƙauye. Sharifa ta dubi fuskar Malam, ta gane yana gab da cewa a ɗaure kaya.

Matar da ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba, sai ga ta da magirbi, tana ɗingishi ta ratsa maza, ta hau saran laka a gindin ƙafar. Kunya ta kama kowa.

"Ke, mi ag ga haka?" in ji Malam.

"Malam, ƙahwata ko nan garin Madani ba ta kai ni, balle Makka. Nan za a haƙa mini nawa ramin. Kahin nan ina son in sha ruwa mai kyau."

Malam ya daɗe yana kallon lakar da ke zanenta. Can ya karɓe magirbin, ya tambayi Usta zurfin da ya ce, kamar bai taɓa ji ba. Sannan ya juya ga dattawa ya ce ai alhazai masu wucewa suna buƙatar ruwa, kuma dole a samu masu zama su tsare musu shi. Wayon tsoho ke nan! Samari suka ruga ɗauko magirbai.

Sharifa ta zube kan wani dutse ta miƙe ƙafa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin wanda ta manta da shi, hawaye na zuba tana dariya. Ta yafito Bilkisu ta ce a ɗora wa masu haƙa shayi, kuma kada a yi rowar sukari.