Gwangwanayen Baba Mai Dashe

"Riƙe min nan, Inna Tela. Yau hannun ya ƙi ni."

Ta riƙe reshen lemon, shi kuma maƙwabcinta Baba Mai Dashe yana ta fama ya ɗaure tsiron da ya manna a jikin reshen da leda. Sau uku ledar tana suɓuce masa. Ta yi kamar ba ta ga rawar yatsunsa ba.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu. Lokacin da ta tare a layin, tsakar gidansa fayau take, sai igiyar shanya. Yanzu mangwaro ya yi rumfa, gwanda da zogale na gefensa, na'a-na'a ta shimfiɗe ƙasa, kabewa ta haye rufin kaji. Ba ya ƙona ganye, a gindin bishiya yake tara shi. Ruwan wanke-wanke ma sai da ya haƙa masa hanya zuwa gindin ayaba. Marigayiya matarsa takan leƙo ta katanga ta ce, "Inna Tela, in kin ji shiru, daji ne ya cinye ni."

"Baba!" Babbar 'yarsa ce ta fito da kofin magani. "Ba likita ya ce ka kwanta ba?"

"Likita ya san lokacin dashe ne?"

Da 'yar ta rako ta bakin ƙofa, sai ta rage murya. "Gobe za a kwantar da shi asibiti, Inna. Gidan kuma sayarwa za a yi. Mai sayen shaguna zai gina."

"Ya sani?"

"Shi ya ce a sayar. Wai kada mu yi rigima a bayansa."

Kwanansa tara a asibiti. Da hantsi labarin rasuwarsa ya iske ta, tana kan keken ɗinki, rigar wata a ƙarƙashin allura. Ta cire ƙafa daga kan keken. Ta katanga tana jiyo kajinsa suna tono.

Bayan an watse daga gaisuwa, 'yar ta kira ta. "Inna, zo ki ga abin da na tarar a bayan kicin."

Gwangwanayen madara ne jere a inuwa, sun fi talatin, kowanne da ɗan tsiro a ciki. Ya rubuta suna a jikin kowanne da fenti: Mai Shago, Direba, Malamar Asibiti, Kafinta. Har Mai Faci, wanda suka shekara ba sa ga maciji saboda akuyar Mai Facin da ke cinye masa shuka.

Nata yana can ƙarshe, ɗan rumman mai ganye huɗu. A ƙasan sunanta ya ƙara da ƙananan haruffa: "Kada ki cika masa ruwa, na san halinki."

Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen mayafi. Sannan ta ɗauki gwangwanin da hannu biyu, ta fito layi a hankali, ganyen yana kaɗawa a daidai haɓarta.