Akwatin da Ba Ya Kai Wasiƙa

Ina ɗaga murfin laftof ɗin, tagogi huɗu suka buɗe kansu a kan allo ba ko sallama. Ɗaya na tallan maganin gwiwa, ɗaya na yi mini albishir wai na ci mota, sauran biyun kuwa gara in yi shiru. Dattijon da ya kawo ta ya kawar da kai, ya shiga ninke tawul ɗin da ya naɗo ta a ciki, kamar wanda jikansa ya yi rashin kunya a gaban baƙi.

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran kwamfuta a ɗan shagon nan da ke tsakanin tela da mai kwafin takardu, kuma irin wannan ciwo na gan shi har na gaji. Wani bairos ne da ke shigowa a maƙale da manhajar kyauta, ya kama burauza, wato manhajar shiga intanet, ya murɗe mata wuya. Duk inda ka aike ta, sai ta kai ka inda ɓarayin suke so. Na ce masa aikin awa ɗaya ne in ba ta yi taurin kai ba.

"To 'yata, ki share duk tarkacen nan," in ji shi. "Amma don Allah kar ki taɓa mini akwatin wasiƙa."

Ya ɗora yatsa a tsakiyar allon. Shafi ne shuɗi, da hoton ambulan a sama, da dogon gurbin rubutu a ƙarƙashinsa. Abin da yake roƙo in bar masa, shi ne ainihin bairos ɗin.

Na jawo masa kujera, na tambaye shi me yake yi da akwatin. Bai ɓoye mini komai ba. Shekara talatin da biyu ya yi a gidan waya yana tantance wasiƙu kafin ya yi ritaya. Bayan rasuwar matarsa, babban ɗansa, wanda yake kira Injiniya, ya kawo masa laftof ɗin, ya nuna masa inda zai danna in yana son magana da shi, ya koma bakin aikinsa a gari mai nisa. Ana nan wata rana shafin ya sauya kama. Baba ya ɗauka kamfanin ne ya yi sabon fenti, kamar yadda ake yi wa ofis lokaci-lokaci. Ya ga ambulan, ya ga gurbin rubutu, ya ci gaba da abin da ya saba. Kullum bayan karin kumallo sai ya rubuta wa ɗansa wasiƙa a ciki, da Turancinsa na tsofaffin ma'aikata.

Na tambaye shi ko ana ba shi amsa. Ya yi murmushi, har da gyara zama.

"Ai Injiniya ba mai surutu ba ne tun yana ƙarami. In na ce masa gwiwa ta dame ni, sai ya turo hoton magani. Ranar da na ce rufin ɗaki na yoyo, kwanon rufi ya yi ta turowa kala-kala. Ya san abin da yake yi."

* * *

Na cire laftof ɗin daga intanet, na buɗe tarihin binciken burauzar. A wurin sauran mutane, nan ne ake ganin sakamakon ƙwallo da neman maganin ƙaiƙayi. A nan kuwa layi bayan layi, na wata bakwai, kowanne ya fara da "Zuwa ga ɗana". Ban yi niyyar karantawa ba, ido ne ba shi da ladabi. A ɗaya yana tambayar ko ƙaramar jikarsa ta fara tafiya. A wani yana ba da labarin ya dafa shayi kofi biyu bisa mantuwa. Akwai wanda layi ɗaya ne kawai, yana cewa yau shekara guda cif da rasuwar matarsa.

Raina ya ɓaci sosai, kuma ba da masu bairos ɗin ba. Su sana'arsu ke nan, Allah ya shirye su. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mutum ya yi wata bakwai ba a ga saƙonsa ba, kuma ba wanda ya ɗaga waya ya ce Baba lafiya muka ji ka shiru. Sai kuma na tuna kira biyu na mahaifiyata da na gani jiya ina tsakiyar aiki, na ce anjima. Na haɗiye faɗan da nake shirin yi.

Na yi tunanin in rufe Baba da ƙarya, in ce kamfani ne ya sake fenti. Amma ba yaro ba ne, kuma abin nan yana kwashe duk abin da aka rubuta, har lambobin sirri. Na juyo da allon wajensa na yi masa bayani a hankali. Na ce wannan gurbin ba ya kai saƙo ko'ina. Inji ne ke tsintar kalma a cikin rubutunsa, ya ga gwiwa ya jefo tallan magani, ya ga rufi ya jefo kwano.

Baba ya kalli ambulan ɗin. Keken tela na ta ƙara ta bayan bango. Da ya buɗe baki, muryar ma'aikaci ce ta fito.

"Wato adireshin ne ba daidai ba."

"Haka ne, Baba."

"A zamaninmu, wasiƙar da ba ta sami mai ita ba, ba ma zubarwa. Akwai inda muke ajiye ta."

Na ce wannan kam zan iya. Kafin in goge komai, na kwashe layukan kaf na zuba a takarda guda, na miƙa wa maƙwabcina mai kwafin takardu ya buga. Shafi sha tara suka fito da ɗuminsu. Sannan Baba ya ɗaga mini hannu alamar in ci gaba.

Na cire manhajar da ta shigo da bairos ɗin, na tumɓuke ƙarin da ya liƙa wa burauza, na sa na'urar bincike ta bi lungu-lungu. Sau biyu yana dawowa bayan na kunna, sai da na gano inda ya ɓoye umarnin tayar da kansa. Na mayar da burauzar yadda ta zo daga kamfani, muka canza kalmar sirri, ya rubuta ta a bayan katinsa na asibiti. Daga nan na buɗe masa akwatinsa na gaskiya. A wata bakwai saƙon Injiniya ɗaya ne, gaisuwa ce da ya tura wa mutum arba'in a tare.

Baba ya ce in aika wa yaron wasiƙun duka, tunda yanzu an sami adireshi. Na aika a gabansa.

* * *

Bayan kwana biyar ya dawo da tawul ɗinsa, wai kwamfutar ta sake lalacewa, ba ta nuna komai. Na kunna. Lafiyarta lau, shafi fari tas, ba talla ko ɗaya. A akwatin akwai amsar Injiniya, kuma an riga an buɗe ta. Layi biyu ce. Ya gani, a riƙa kula da abin da ake dannawa, aiki ya yi masa yawa amma zai kira.

Na tambayi Baba ko ya kira. Ya shafa gwiwarsa, ya ce ai aikin nasu ba sauƙi. Sai ya sunkuyo ya rage murya, kamar mai neman alfarmar da ya san ba ta dace ba.

"'Yata, wancan na dā ɗin, ba a iya mayar da shi? Na san inji ne. Amma in na yi magana yakan ce wani abu."

Na ce masa ba zan iya ba. Gaskiyar ita ce zan iya, cikin minti biyar ma, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya shimfiɗa tawul ɗin a kan tebur. A ciki na hango shafukan nan sha tara, an daidaita bakinsu an ɗaure da roba. A kusurwar sama, da kyakkyawan rubutun wanda ya yi shekara talatin da biyu yana wannan aiki, ya sa kwanan wata, ya rubuta: A mayar wa mai aikowa.

Ya ɗora laftof ɗin a kansu, ya naɗe, ya fita yana ɗingishi.