Mutum na Bakwai

Manajan sito ne ya kashe leburan da ake ce wa Tirela, kuma ko ɗan yatsa bai ɗora masa ba. Da biro ya yi aikinsa. Wanda ya ce ajali ne bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiyar duka ba.

Mai gadi yana bakin ƙofa ranar da Tirela ya koma aiki, ya ga an ajiye masa kujerar roba a inuwar sito, an miƙa masa littafin ƙirga buhuna. Maƙwabta ne su, bango ɗaya ya raba ɗakunansu shekara tara. Nishin da Tirela ya yi wata biyu, tun da tulin buhunan taki ya rufto masa, a kunnen mai gadi ya yi shi. Haƙarƙari uku suka karye, aka kuma yi masa aiki a ciki. Takardar likita ta ce kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo biyar. Dokar diyya kuma ta ce in an ba shi aiki mara nauyi ya ƙi, za a tsayar da kuɗin magani. Shi ya sa ya zo.

"Jama'a, Tirela ya zama akawu!" in ji wani lebura mai wushirya. "Ka ma iya riƙe biro kuwa?"

"Na iya rubuta sunanka a layin malalata," Tirela ya ce, yana dariya yana dafe da gefen ciki.

Ƙa'idar siton, mutum bakwai ke sauke mota: biyu a sama, biyar a ƙasa. Da Tirela ya kwanta, an ɗauko wani ya cike gurbinsa. Ranar da ya dawo manaja ya sallami wancan, tunda a takarda bakwai sun cika. Shida suka koma ɗaukar kayan bakwai, cikinsu har da wani dattijo da kowa ke ce wa Baba.

Kwana na huɗu da safe matar Tirela ta tare mai gadi a bakin famfo.

"Yaya, don Allah ka sa masa ido. Jiya ko abinci bai ci ba, wai kunyar abokansa yake ji."

"Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Ko ɗaure shi ne zan yi a kujerar."

Mai gadi ya je ya sami manaja a ofis, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, mutum shida ne a kan mota."

"Bakwai ne. Ga shi a rubuce."

"Ai na bakwan a zaune yake."

"To ni na ce ya tashi? Kai ƙofa aka ba ka ko ofis?"

Bayan azahar motoci uku suka zo a jere. A mota ta biyu gwiwar Baba ta lanƙwashe, buhu ya suɓuce masa ya fashe. Babu wanda ya ko dubi Tirela, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya tura littafin ƙarƙashin kujera ya miƙe.

Mota ta uku tana shigowa da baya, mai gadi yana riƙe da ƙyauren ƙarfe, in ya saki zai bugi gilashi.

"Maƙwabci! Zauna, don girman Allah!"

"Guda goma kawai, kafin Baba ya huta."

Manaja ya leƙo ta taga, ya ga wanda ke ƙarƙashin buhu, ya koma kan wayarsa. Mutumin da ya ga haka ya yi shiru, ba sai an tambayi halinsa ba.

Buhu goma suka wuce, Tirela bai zauna ba sai da motar ta ƙare. Da aka tashi suka kama hanyar gida tare da mai gadi, yana tafiya yana dafa bango. A bakin shagon mai faci ya zauna, leɓensa ya yi fari, ya ce ƙishirwa yake ji. Mai gadi ya tsayar da motar haya. A kujerar baya ya ɗora kansa kan cinyar mai gadi, zufa mai sanyi tana karyo masa.

"Kar ka gaya mata na ɗauka," ya ce. "Za ta yi faɗa."

Kafin su kai ƙofar asibiti ya cika. Ɗinkin ciki ne ya saki, in ji likita.

Bayan an yi jana'iza, matar ta zauna a ƙofar ɗaki, takalman aikinsa suna gefenta.

"Yaya, ya ɗauki kaya ko?"

Mai gadi ya sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba.

Ofishin diyya ya ce mamacin ne da kansa ya saɓa takardar likita, don haka iyalinsa ba su da komai. Da mai bincike ya zo, mai gadi ya faɗi abin da ya gani, bai rage ba. Aka dakatar da manaja mako biyu. Ranar Litinin ya dawo da sabon aski, ya danna hon, mai gadi ya tashi ya buɗe masa ƙofa.