Rara a Rigar Auta

Duk wadda ta taɓa sa rigar da Yaya ta ɗinka ta san halinta: ba ta yanka riga cif da jiki. Sai ta bar rarar yadi a ciki, kamar faɗin yatsu uku ta kowane gefe, ta ninke ta danne da dutsen guga. In kin yi ƙorafi ko kallonki ba za ta yi ba. "Je ki haihu ki dawo," in ji ta, "mu ga wa zai gode wa wani." Kuma suna dawowa ɗin, riga a leda, suna sunne kai, ta farke gefen ta sakar musu ita.

A ɗakinta na gaba take aiki. Keke kusa da taga, tebur mai ƙafa ɗaya gajera da aka tokare da murfin kwalba, bango kuwa duk ƙusoshi. Kowace mai kawo ɗinki tana da kwalinta a rataye: na gaba, na baya, na hannu, na wuya, an huda an zura musu zare ɗaya. Shi Yaya ke shimfiɗawa a kan yadi ta zagaye da alli, sannan almakashi ya bi. Guntayen da suka rage ba ta zubarwa, da su take haɗa ƙananan jakunkuna da abin ɗaure gashi.

Kwalin da ya fi kowanne girma na Auta ne, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya da bayanta. Auta mace ce mai jiki, ga baki, ga dariyar da ake ji daga bakin titi. Da kwalin firji aka yanka nata, ita kuwa ta mai da abin alfahari. Ko baƙuwa ta tarar a ɗakin sai ta nuna mata bango ta ce, "Kin gan ni can. Ni da firji awonmu ɗaya."

Sai ciwon daji ya kama ta a ƙirji. Aka yi aiki, aka shiga gasa wurin da na'ura, aka shiga ƙarin ruwan magani mai zubar da gashin kai. Ranar da likita ya faɗi sunan ciwon, mijin Auta, wanda kowa ke kira Direba, ya fita baranda ya haɗa kai da bango. 'Yan'uwa suka yi ta kuka a waya. Yaya ta dawo gida ta ƙarasa sa maɓallan wata riga da ta bari. Ta zauna tana jira ta ji wani abu a ranta, ba ta ji ba. Haka aka wayi gari, haka aka sake wayewa. Abinci ta ci don lokacinsa ya yi, gaisuwa ta amsa don an gaishe ta. Wata rana allura ta shige mata yatsa, sai da ta ga ja a farin yadi ta gane an soke ta, kuma yadin ta fara dubawa.

Abin da ta iya shi ta yi. Auta ba ta iya ɗaga hannun hagu, don haka Yaya ta ɗinka mata riguna masu buɗewa ta gaba, na auduga mai laushi, masu sauka har gwiwa. Ta bar rara yadda ta saba. Ba a jima ba suka yi wa Auta yawa. Yaya ta kwaso su ta tsuke, ba ta yanke komai ba. Suka sake yin yawa, ta sake tsukewa. Rarar da ta fara da yatsu uku ta kai tafin hannu, ta wuce, har ta zama ninki a kan ninki, wani tudu mai kauri tun daga hammata har ƙugu.

To, a nan ne fa fatar Auta ta fi lalacewa. Gashin da ake mata ya ƙone gefen nan, ya yi ja, ya saɓule, ko iska ta taɓa sai ta ja numfashi.

"Yaya," ta ce wata rana, kamar zancen wasa, "gefen rigar nan yana ɗan cizo fa."

Yaya ta kai rigar gida ta sa mata shafi. Shafi ya ƙara zafi da nauyi, Auta ta yi ta zufa. Yaya ta cire shi, ta naɗe bakin rarar da ƙyalle mai santsi. Ta jiƙa, ta goge, ta danne da dukan ƙarfinta har teburin ya yi ƙara. Wallahi babu dabarar da matar nan ba ta yi ba, ban da guda ɗaya da ko 'yar koyo ta sani, wato a sa almakashi a rage. Almakashin kuwa yana nan a gabanta kullum. Ita dai ta san yadin da aka yanke ba ya dawowa, kuma riga marar rara riga ce ta wadda ba za ta ƙara cika ta ba. Ba ta zauna ta yi wannan tunanin dalla-dalla ba. Hannunta ne kawai ke kaucewa.

Direba ya ƙara ɗaure abin. Duk sanda aka kawo rigunan sai ya juya cikinsu ya nuna wa matarsa. "Kin gani ko? Yaya ta bar wuri. Ita da tef ɗinta sun fi likita sanin jikin mutum. Da ba za ki murmure ba, ai da ba ta bari ba." Ya faɗa da ƙarfi, yana kallon Yaya, yana jira. Yaya ta ce, "Haka ne." Auta ta dube shi, ta dube ta, ta ce su biyun sun ishe ta da surutu, a ba ta ruwa.

Ana cikin haka Mai Gyaran Gashi ta ƙarshen layi ta zo da rigarta, tana dariya tana dafa ciki, wai ita ba ta san me take ci ba, komai ya matse ta. Yaya ta farke gefen, ta sakar mata yatsu biyu, ta mayar da ɗinki. Matar ta yi ta zuba godiya, ta ce Allah ya yi wa hannun nan albarka, da wata ce da rigar ta tashi aiki. Yaya ta ce amin. Bayan matar ta fita Yaya ta daɗe zaune da ƙafa a kan keke ba ta taka ba, har inuwar taga ta matsa daga tebur zuwa ƙasa.

Washegari da hantsi ta je gidan Auta, jakarta a kafaɗa. Direba ya fita sayo magani. Ta tarar da ita zaune a bakin gado, an jingina mata filo, ga kwano da cokali a kan kujera ba a taɓa ba. Rigar da ke jikinta wata shuɗiya ce mai ƙananan furanni, amma a juye take. Duk ɗinkin yana waje, rarar ta baje ta gefe da gefe tana reto kamar kunnen akuya, maɓallai sun koma ciki.

"Auta, rigarki a juye take."

"Na sani. Ciwon bai kai kaina ba tukuna."

"To me ya sa?"

"Don in yi barci." Ta gyara zama a hankali. "Da kin fita nake juyawa, in na ji sallamarki in mayar. Yau kin shigo kamar ɓarauniya, ban ji ki ba."

Yaya ta tsaya riƙe da jaka.

"Shekaranjiya na manta na tafi asibiti a haka," Auta ta ci gaba. "Ina ji nas tana raɗa wa 'yar'uwarta wai a duba, ko abin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Ni! Na ce mata sabon yayi ne, yayata ce ta fito da shi, in tana so in ba ta lamba." Ta fara dariya, tari ya tare ta. Yaya ta miƙa mata ruwa ta jira ya lafa.

Da Auta ta samu numfashi sai ta zame rigar daga kafaɗar hagu. Yaya ta sha ganin wurin, ita ke taya ta wanka wani lokaci, amma ba ta taɓa lura da wannan ba: wani dogon layi ɗanye, miƙaƙƙe, daga hammata zuwa ƙugu, daidai inda tudun ɗinkin ke kwanciya. Layin ya miƙe sarai, babu karkata. Ta gane aikin hannunta.

"Ina so in sa riga daidai kamar mutane, Yaya. 'Yan dubiya suna zuwa. Yarana suna kallona." Muryarta ba ta rawa. "Ki yanke."

"Bari in gwada wani yadin. Akwai wani mai laushi da na gani..."

"Yaya."

"In kin ƙara jiki fa?"

Auta ta zare rigar gaba ɗaya. Ta ja zanin gado ta rufe ƙirji, ta miƙa hannu ƙarƙashin filo ta fito da wani ƙaramin almakashi mai tsatsa, irin na yanke ledar magani. Ashe ta gwada da kanta. Ga wurin nan a gefen rigar, ta ɗan tattauna bakin yadin, ƙarfinta bai kai ba.

Yaya ta karɓa ta jujjuya shi. "Wannan ai ɓata yadi zai yi," ta ce. Ta ajiye shi a kan kujera, ta buɗe jakarta ta ciro nata.

Ta zauna a ƙasa ta shimfiɗa rigar a cinya. Ta farke ninkin, ta miƙar da rarar da tafin hannu. Yadi ne mai yawa, kusan rabin wata rigar. Ta sa bakin almakashi dab da ɗinki, ta bar abin da bai kai faɗin farce ba, ta fara. Ƙarar da ta saba ji tun tana budurwa ce, ƙyas, ƙyas, ba ta canza ba. Ta ɗauka a nan ne abin zai zo mata, kuka ko ihu ko wani abu. Bai zo ba. Ta gama gefe ɗaya ta juya ɗayan. Sannan ta zura zare a allura ta kwantar da ɗan bakin da hannu, ƙanana ƙanana, yadda ko jariri ba zai ji shi ba.

Ta taimaka mata ta sa, ta ɓalla maɓallan tun daga ƙasa. Auta ta motsa kafaɗa. Ta sauke hannun hagu ya kwanta a jikinta, ta lumshe ido.

"Wayyo daɗi," ta ce. Can kuma, ido a rufe: "Kin sani ke nan."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun tsukewa ta biyu. Tef ba ya rufa wa mutum asiri."

"Shi ne kika bar ni ina fama da wannan buhun?"

"Na zaci ke ce ba ki sani ba."

"Ni kuma ina sawa don kada ki gane." Auta ta girgiza kai. "Kai, Yaya. Mu biyu dai ba mu da wayo." Ta nuna kwabar kaya da haɓa. "Sauran suna ciki. Ki yi su duka kafin ya dawo, ba na son gardama."

Ba a gama kafin ya dawo ba. Yaya na kan ta uku ya turo ƙofa, ledar magani a hannu, bakinsa ɗauke da sallama. Ya ga dogayen yankakkun yadi a ƙasa, shuɗi da fari da ruwan ƙasa. Ya ga almakashi. Ya dubi Yaya irin kallon nan nasa mai jira, ita kuwa ta ci gaba da yankanta. Ya ajiye ledar a hankali, ya zauna a bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa.

Auta ta riga ta yi barci, kwance a gefen hagu, bakinta a ɗan buɗe. Yaya ta jawo riga ta gaba ta shimfiɗa a cinya.

"Matsa kaɗan," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "Ka tare mini haske."